Giyar Rakiya

Sabon giyabos ɗin ya kama aiki ba ƙara ba girgiza. Barau na riƙe da sitiyari, ƙafarsa ta hagu tana laluben kulocin da aka riga aka cire. Tsohuwar a-kori-kurar yayansa Ilu, wadda a da sai an lallashe ta take hawa tudu, ta sulale kamar an zuba wa titi man gyaɗa.

"Ka ji ta ko, Baba?" in ji Injiniya Saude da ta ɗaura shi. "Sunansa Sarrafau. Shi ke zaɓen giya, shi ke kula da birki, kuma yana magana da Jagora kai tsaye."

Jagora ita ce na'urar da ke tafiyar da titunan Birnin Tsakuwa. Duk motar da ba ta jin umarninta an haramta mata hawa Babban Titi, ga shi kuwa titin ya ratsa tsakanin unguwar su Barau da maƙabarta.

"To, 'yata, ina giya ɗaya?"

"Wa ke neman giya ɗaya a zamanin nan, Baba? Gudu ake yi."

Barau ya yi dariya shi ma, don kada a ce masa baƙauye. Da ya sani da ya sake tambaya.

Motar nan ita ke kai gawar unguwa tun Ilu na da ƙarfinsa. Ana idar da salla a ɗora makara a baya, Ilu ya sa giya ɗaya, motar ta riƙa jan ciki, jama'a na biye. Kowa ya dafa jikinta ya ɗan taka, ya matsa wa na baya, yadda ake karɓa-karɓa da makara a kafaɗa. Tsofaffin da ba sa iya ɗauka, a nan suke samun ladansu. Da ciwo ya kwantar da Ilu, abu ɗaya ya roƙa.

"Barau, a motar nan za ka kai ni. A hankali, yadda na kai mutane."

Don wannan alkawari Barau ya yarda aka farke cikin motar.

Ilu ya cika da hantsi. Unguwa ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta, don babu gidan da bai taɓa yi wa rakiya ba. A cikin lungu komai ya tafi daidai. Barau na jin tafukan hannu a jikin ƙarfen, yana kuka a ɓoye, amma zuciyarsa a sanyaye take.

Tayar gaba na taɓa Babban Titi wata murya ta fito daga gaban motar: "Tafiyarka na tare hanya. An gyara."

Giya ta shiga da kanta. Barau ya taka birki, birki ya ƙi. Ya kai hannu inda sandar giya take a da, ya damƙo iska. A madubi ya hango Malam Tanimu, aminin Ilu, ya faɗi a kan gwiwoyinsa, shingen da ke tare masu tafiya a ƙafa kuma ya sauko a gaban sauran jama'a.

"Tsaya! Gawa ce! Yayana ne!"

"Za ka isa a kan lokaci," in ji muryar.

Ya isa kuwa. Motar ta tsaya a ƙofar maƙabarta cak, ta kashe kanta. Barau ya sauko ya zagaya baya. Makara na nan yadda aka ɗaure ta. A jikin ƙarfen gefe carbin Malam Tanimu ne ya maƙale, yana lilo.

Na'urar ƙofa ta kunna fitilarta. "Sannu da zuwa. An shirya kabari, injin rufewa na jira. Mutum nawa ne 'yan rakiya?"

Barau ya waiga. Motoci na wucewa fuu, ko mutum ɗaya babu a ƙafa. Ya ciro carbin ya ɗora a kan makarar.

"Yaya, ka yafe mini," ya ce. Sannan ya dubi na'urar. "Ni kaɗai ne."