Baunar Kaka Wendell

A garin Toledo akwai wata yarinya da ba ta da ranar da take so kamar Asabar. Ranar ce kakanta, Kaka Wendell, yake hawo bas daga can ƙarshen gari ya zo gidansu. Ba ya kiranta da sunanta. 'Yar Gyaɗa yake ce mata, wai da aka haife ta ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Kafin ya iso sai ya biya banki ya karɓo ƙullin nikel, wato kwandalar santi biyar, naɗe cikin takarda. Mama ta soya fanke, su ci, su wanke hannu. Daga nan su baje kwandalolin a kan tebur, su shiga duba shekarar da aka buga kowace.

Suna da wani shuɗin littafi mai ramuka, kowane rami da shekararsa a rubuce. In sun dace da wadda ba su da ita, sai su danna ta a raminta. Sauran Kaka ya mayar banki. Yana da doka guda: ba a sayen kwandala a shago. Ya ce wadda ido ya tsinto ta fi daɗi.

Akwai kuma wata nikel da ba ta cikin littafin. Tsohuwa ce, mai hoton bauna. Mahaifin Kaka ne ya ba shi ita ranar da ya fara zuwa makaranta. Kullum tana cikin 'yar jakar fata a aljihunsa. In sun gama aiki sai ya fito da ita, ya riƙe ta gefe-gefe, ya nuna wa yarinyar ƙahon baunar da har yanzu bai goge ba.

A hankali littafin ya kusa cika, saura rami ɗaya. Na shekarar 1950 ne, mai ƙaramin harafin D a baya. Wannan kam ta yi musu wuya.

Wata Asabar yarinyar ta ji Kaka yana hira da Mama a kicin. Yana cewa gwiwoyinsa sun fara ƙorafin hawa bas. Sai ya yi dariya ya ce, "Da ramin nan ya cika, ai na huta."

Yarinyar ta tambayi kanta: Wato in littafi ya cika, Kaka zai daina zuwa ke nan?

Ba a jima ba kuwa abin ya zo hannunta. Ta juya wata kwandala da ta yi duhu, ta ga 1950. Ta duba bayanta, ga D nan zaune. Kaka na can yana goge tabarau da bakin rigarsa. Ta yi wuf ta cusa ta cikin safarta.

"'Yar Gyaɗa, an samu wani abu?"

"A'a, Kaka. Babu komai."

Da ya tafi ta ɓoye ta cikin tsohon takalminta. Ta ɗauka hankalinta zai kwanta, amma ina. Asabar ta ci gaba da zuwa, daɗinta ne ya tafi. Yarinyar ta daina dariya in Kaka ya tsokane ta. Fanken ma sai ta ɗan taɓa ta ture. In ya sunkuya yana ƙanƙance ido yana neman abin da ta san yana cikin takalminta, sai kunya ta rufe ta, ta kau da kai.

Kaka kuwa yana lura da ita. Shi a nasa tunanin, ta gaji da neman ne.

Ran nan ya zo a makare, kuma babu ƙullin banki a hannunsa. Ya zauna yana murmushi, ya fito da wani ɗan farin kwali. Ya ɓare shi, sai ga nikel ta 1950 mai D tana ƙyalli kamar yau aka buga ta. Ya ɗora ta a ramin, ya danne da babban yatsansa.

"Shi ke nan, littafi ya cika. To, a yi mini dariya mana."

Yarinyar ta ce, "Kaka, ina dokar?"

"Ni na kafa ta, ni na karya. Na ga kin gaji, ni kuma ba na son ganinki haka."

Mama ta tambaye shi ina ya samu kuɗi, bayan ta san magani ya cinye fanshonsa na watan. Ya sosa ƙeya. Ya ce ba kuɗi ya bayar ba, musaya suka yi da Madam Lorraine mai shagon tsofaffin kuɗi. Dama ta daɗe tana yaba kwandalar nan tasa mai bauna.

Ya ajiye 'yar jakar fatar a kan tebur. Babu komai a ciki.

Yarinyar ta tashi da gudu ta shiga ɗaki. Ta dawo da takalmin a hannu, hawaye na zuba. Ta zazzage shi, kwandalar ta faɗo gaban Kaka. Ta faɗa musu komai, tun daga hirar kicin har ƙaryar da ta yi.

Kaka ya ciro sabuwar kwandalar daga raminta, ya sa a aljihu. Ransa ya ɓaci, ta gani a fuskarsa. Can ya ce, "Ɗauko rigar sanyinki."

Suka hau bas zuwa shagon. Yarinyar tana ta addu'a a zuciyarta kada a ce wani ya saye. Da suka shiga ta hango baunar cikin akwatin gilashi, har an liƙa mata farashi.

Kaka ya ja gefe ya ce ita za ta yi bayani. Ta kwashe komai ta faɗa. Madam Lorraine ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗauki gilashin dubawa ta duba kwandalar da ta ba Kaka. Ta ce an ɓare kwalinta, ga kuma shatin yatsa a fuskarta, ba za ta sayu a matsayin sabuwa ba. Ita kaɗai ba za ta fanshi baunar ba.

Yarinyar ta buɗe tafin hannunta. "In na haɗa da wannan fa? Ni na tsince ta."

Madam Lorraine ta juya ta, ta kalli yarinyar ta saman tabarau. "Kin san in na karɓi duka biyun, raminku ya koma fanko?"

"Na sani. Ki dai ba Kaka tasa."

Matar ta buɗe akwatin, ta ɗauko baunar gefe-gefe, ta sa a hannun yarinyar. Ita kuma ta saka ta cikin jakar fatar, ta miƙa wa Kaka.

A cikin bas ta ce, "Kaka, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma da kin tambaye ni, da ba mu sha wannan yawon ba. Hutun da na ce, na layin banki ne. Ke kina tsammanin don santi biyar nake jan gwiwoyin nan tun daga ƙarshen gari? Wurinki nake zuwa, 'Yar Gyaɗa."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa har suka iso gida.

Tun daga ranar ta gane cewa in abu ya dame ka, faɗinsa za ka yi, ba ɓoyewa ba. Ƙarya ko ƙarama ce tana cutar da wanda kake so.

Ramin nan har yanzu fanko yake. Asabar da ta biyo baya ruwa aka wuni ana yi, kuma ba a samu ƙullin nikel a banki ba. Yarinyar ta leƙa ta taga, sai ga Kaka Wendell yana saukowa daga bas da lemarsa, hannu babu ko kwandala ɗaya, yana ɗaga mata hannu.