Rijiyar da Na Ce Na Cike

Dab da magariba na tsayar da babur a ƙofar gidan surukina, jakar kayan aiki a kafaɗa. Aikin minti goma na zo yi, a nawa tunanin. Matata ce ta kira ni ta ce Baba yana ƙorafi, wai fitilun dandamalin da na yi masa suna ɗaukewa suna dawowa.

Ni kafinta ne, shekara goma sha tara ina wannan sana'a, kuma ba yabon kai ba, dandamalin nan ya yi kyau. A bayan gida na yi shi, daidai ƙofar ɗakinsa, da irin katakon zamani da ake haɗa garin katako da roba, wanda gara ba ta ci, ruwa ba ya ruɓar da shi. Na jera ƙananan fitilu goma sha biyu a gefe da kan matakala, masu ɗan ƙarfin wuta kaɗan, ko ka damƙi wayar da hannu ba ta jan ka. Saboda idon Baba aka sa su. Tun da ciwon ido ya ci ƙarfinsa, haske da duhu kawai yake rarrabewa.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne maganar rijiya. Akwai tsohuwar rijiya a wurin, ta ƙafe tun kafin in auri 'yarsa. Ranar da za a kwantar da shi a asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka cike ta da ƙasa kafin ka ɗora komai. Cikewa na ce, ba rufewa ba." Na ce to, Baba. Sai mai tifa ya yi ta yi mini gobe-jibi, ni kuma na riga na cika baki a gaban matata da yayyenta cewa kafin a sallamo shi na gama. Da na ga rana ta ƙure, na ɗauko wani tsohon ƙyaure na kifa a bakin rijiyar, na gitta katakai uku a kai, na shimfiɗa katakon roba na ɗaure. Da ya dawo ya tambaye ni, na ce, "An cike, Baba. Tifa biyu ta ci." Har da ƙari fa! Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse don kunya.

Na same shi zaune a kujerarsa yana jan carbi. Kujerar kuwa tana daidai kan rijiyar. Na durƙusa na gaishe shi.

"Fitilun ƙarshen nan ne," ya ce. "Suna ta lumshewa kamar mai jin barci."

"Ƙaramin abu ne, Baba. In waya ta yi tsawo, fitilun ƙarshe sukan raunana. Ko kuma wani haɗi ne ya saki."

Na duba 'yar taransifomar rage ƙarfin wuta da ke jikin bango, lafiyarta ƙalau. Ba yadda zan yi, sai na shiga ƙarƙashi na bi wayar. Na cire allon gefe, na cije tocila a baki, na shiga da rarrafe. Wurin bai fi tsayin gwiwa ba.

Sanyi na fara ji. A sama katakon yana da ɗumin rana, yana ɗan warin roba. Nan ƙasa kuwa warin ɗanyar laka ne, alhali an yi wata huɗu ba a ga ɗigon ruwa ba. Hasken fitilun yana saukowa siri-siri ta tazarar da muke bari tsakanin katakai, don irin wannan katako yana buɗewa in ya sha zafi. Ina jin carbin Baba a samana, ƙas, ƙas, ƙas.

Na bi wayar da yatsu. Da hannuna na manne ta a jikin katako, taku-taku, na sani. Amma a tsakiya ta ɓalle daga inda na sa ta. Ta sauko ƙasa, ta shige ƙarƙashin tsohon ƙyauren, cikin rijiya. A miƙe take, kuma a jiƙe.

Na ja ta.

Aka ja daga ciki. A hankali, ba da ƙarfi ba.

Na saki. Na ce wa kaina ɓera ne. Wane irin ɓera, kafinta? Sai na ji ɗigar ruwa can ƙasa. Ɗis. Ɗis. A rijiyar da ta ƙafe shekara da shekaru.

Wani abu ya faɗo mini a bayan hannu. Na haska. Ƙusa ce mai murɗi, irin wadda na ɗaure katakan da ita. Na ɗaga kai, na ga ta biyu tana juyawa da kanta, tana fitowa, ƙiii, ƙiii. Ta faɗo. Ta uku ta fara.

Fitilar ƙarshe ta mutu. Ta kusa da ita ta bi.

Sai aka yi magana daga cikin rijiyar, ƙasa-ƙasa. Muryata ce. Tawa, har da 'yar dariyar nan da nake yi in ina son a yarda da ni.

"An cike, Baba. Tifa biyu ta ci."

Tocilar ta faɗo daga bakina. A haskenta na ga gefen ƙyauren ya ɗaga. Yatsu suka fito, dogaye, launin laka, suna ɗigar ruwa. Suka laluba, suka kama katakon tsakiya, wanda ƙafafun kujerar Baba suke kai.

Katakon ya yi ƙara.

Ga abin da ya fi komai ci mini rai, kuma zan faɗa. Ban yi ihu nan take ba. In na ce ya tashi, sai na faɗi dalili. Na kwanta a ƙasa ina kallon abin nan yana jan katako, ina neman wata ƙaryar da zan tashe shi da ita. Ran mahaifin matata a gefe guda, mutuncina a gefe guda, kuma na tsaya aunawa. Kaico!

Carbin ya tsaya.

"Baba, tashi!" Wannan karon ni ne na ƙwala ihu. "Tashi daga nan! Ban cike ta ba! Ƙarya na yi maka!"

Na ja da baya. Wani abu mai sanyi ya damƙe idon sawuna. Na kira sunan Allah, na fizga, takalmin ya tafi, ƙafar ta fito. Na fito waje, na haye matakala, na sungumi tsohon kamar yaro. Ko taku uku ban yi ba katakan suka lotsa a bayana. Kujerar ta karkata, ta shige.

Na saurara in ji saukarta. Ban ji ba.

A ƙofar ɗakinsa na sauke shi, na zube a gabansa. Sai ya laluba ya dafa kaina.

"Na sani, ɗana," ya ce a hankali. "Wanda ba ya gani, ƙafarsa na ji. Tun ranar da na fara taka wurin na ji rami a ƙarƙashi."

"To me ya sa kake zama a kai, Baba?"

"Na ce in ka gan ni a kai, tausayina zai buɗe bakinka. Sau huɗu kana zuwa kana gaishe ni a wurin."

Washegari na warware dandamalin gaba ɗaya. Na tsaya a kan masu tifa har rijiyar ta cika, na daddaɓe, na zuba kankare, sannan na sake jera katakan. Fitilun ba su ƙara lumshewa ba. Idon sawuna kuwa har yanzu sanyi yake yi da magariba, ko da safa biyu.

Baba bai gaya wa kowa ba. Da yayyen matata suka tambaya, cewa ya yi shi ne ya sa aka sake fasali. Matata har gobe yabona take yi, wai na yi wa mahaifinta aiki sau biyu ban yi ƙorafi ba. Kullum da yamma ina zuwa in kunna masa fitilu, ya ce, "Ɗana, matso kusa." Sai in matsa, kaina a sunkuye. Idanun nan ba sa ganina, amma har yau na kasa kallonsu.