Mai Juya Kwando a Kan Rufinmu

Ranar da abin ya faru, aikin da ke gabana bai wuce gyaran dikoda ba.

Surukina Kalilu ne ya saya mini ita, irin mai naɗar shiri ta ajiye. Da ita nake naɗar tafsiri da karatun Harami, in saurara ina tsintar wake. Sai iskar farkon damina ta zo ta girgiza kwandon satalayit da ke kan rufinmu. Tun daga nan talabijin ba ta nuna komai sai shuɗi. Abin da na naɗa ma ya ƙi buɗuwa.

Da ni kaɗai ce, da na haƙura. Amma 'yata Barakatu tana gida, ta zo haihuwar fari, ko suna ba a yi ba. Jaririn kuwa da rana ta yi ja sai ya fara tsala kuka, ya sandare, idonsa a silin. Nono ba ya yi, jijjiga ba ta yi. Karatun Haramin nan kaɗai ke kwantar da shi. Tun da sigina ta ɗauke babu wanda ya runtsa a gidan.

Maigidana Malam da Kalilu sun tafi kasuwar dabbobi ta Mai'adua, sai na aika aka kira Harisu mai gyara. Bai iso ba sai la'asar sakaliya. A zaure ya tsaya, don baligi ba ya shiga gidanmu, balle da mai jego a ɗaki. Na miƙa masa dikodar ta bayan ƙyaure, ya jona ta da 'yar talabijin ɗinsa.

"Iya, wannan lafiyarta lau. Ciwon a sama yake. Mayar da ita ki jona."

Ya zagaya ta lungu, ya kafa tsaninsa daga waje. Na ji kwanon rufi yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Na ga ɓarawon," ya ce daga sama. "Reshen tsamiyar kangon nan ne ya rufe wa kwandon fuska. Bari in sare shi."

"Harisu, rana ta kusa faɗuwa. Tsamiya ce fa. Bar shi sai da safe."

"Haba Iya, sara nawa ne? Ke dai ki ajiye mini kunun kanwa."

"Kunun masu jego? Kai ma haihuwar ka yi?"

Ya yi dariya. Na ji adda tana cin ice. Reshen ya faɗi ta bayan katanga, tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar suka yi tsit gaba ɗaya.

Ya gaya mini yadda za mu yi. Shi zai riƙa juya kwandon a hankali, ni in zauna gaban talabijin in kalli wani koren layi. In layin ya cika, hoto zai zo. Ba ya ganina, ba na ganinsa, sai dai murya.

Na zauna a bakin gado. Barakatu ta gaji da jijjiga, barci ya fara fizgarta. Jaririn yana ta mutsu-mutsu a gefenta. Ɗakin duk ƙamshin ganyen darbejiya ne na ruwan wankanta, da turaren wuta da ya kusa mutuwa.

"Ya zo?"

"Bai zo ba."

"Yanzu fa?"

"Ya ɗan motsa. Ya koma."

Haka muka yi ta yi. Na tashi, na zauna, na leƙa tukunyar ruwa, na dawo. Aka kira magariba a masallacin unguwa. Na ji takun ƙafa a kan kwano, sannan shiru. Na ce a raina salla ya tafi. Na miƙe zan yi alwala.

"Ya zo?"

Na koma na zauna. "Harisu, sauko ka yi salla mana."

"Ya zo?"

Na duba. Layin yana ta cika.

"Yana zuwa," na ce.

Sai na lura da wani abu. Kwandon yana juyawa, ina jin kukan ƙarfensa. Amma kwanon rufin ya daina ƙara. Namiji kamar Harisu ba zai tsuguna a kan kwano ya yi shiru haka ba.

Ƙamshin darbejiya ya ɓace. Wani wari ya maye gurbinsa, na ɗanyen ice da kashin jemage.

Layin ya cika. Hoto ya zo.

Ba Harami ba ne. Wani ɗaki ne, an ɗauko shi daga sama. Gado, labule, mace a kwance, jariri. Wata tsohuwa zaune da rimot a hannu. Na ɗaga hannuna. Ita ma ta ɗaga.

A kusurwar hoton jan ɗigo yana ƙiftawa. Dikodar tana naɗa.

"Ya zo," muryar ta ce. Wannan karon ba tambaya ba ce. "Namiji ne. Iya, ya sunansa?"

Muryar Harisu ce, amma babu numfashi a cikinta.

Sunan yaron, ubansa ya raɗa masa shi a kunne ranar da aka haife shi. Ban da shi, ni da Malam da uwar kaɗai muka sani. Ba a faɗarsa sai ranar suna.

Salulata ta yi ƙara a kan tabarma. Na ɗauka.

"Iya, Harisu ne. Ina ƙofar masallaci. Na sauko tun kiran salla, duhu ya hana ni gani. Tsanin ma na ɗauke, gobe zan ƙarasa."

Salular ta zame daga hannuna.

"An sare mana namu," muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, daidai saman gadon. "Barakatu. Ya sunan yaron?"

Barakatu ta motsa, idonta a rufe. Leɓenta ya buɗe.

Na danne bakinta da tafin hannuna.

Na fizge fulogin da talabijin da fanka ke jone da shi daga bango. Fanka ta tsaya. Hoton bai mutu ba.

A cikin hoton wani abu ya fara saukowa daga sama. Hannu ne, dogo, busasshe kamar reshe. Na ɗaga kai na dubi silin. Babu komai. Na koma ga talabijin. Ya kusa gadon.

Jaririn ya daina motsi. Yana kallon sama.

Na kifa a kansa, na rufe shi da jikina. Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena yana sarƙewa.

Wani sanyi ya taɓa kafaɗata. Ya fara ture ni.

Hannuna ya faɗa kan wuƙar da nake ajiyewa wajen kan jariri don tsari, wadda Malam ke cewa canfi ce, in ɗauke. Baƙar wayar kwandon ta taga ta shigo, ta bi ta kan gadon.

Na ce bismillahi. Na datse ta.

Talabijin ta mutu. Wani abu ya ja jiki a kan kwano, tun daga tsakiya har bakin indararo, ya faɗa cikin kangon.

Yaron ya tsala kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan jariri kamar na ranar ba.

Barakatu ta farka tana ture hannuna. "Iya, lafiya? Mafarki nake wani baƙo yana tambayata."

"Tashi mu yi salla," na ce.

Da safe Malam ya dawo, ya sa aka sauke kwandon. Harisu ya jona dikodar a shagonsa ya duba, sai ga shi ya dawo da ita a buhu, fuskarsa ba walwala. Ya ce akwai naɗi ɗaya a ciki da ba na kowace tasha ba, kuma tsawonsa ƙaruwa yake yi. Bai buɗe ba. Kalilu ya kai ta bayan gari ya binne.

Ranar suna liman ya faɗi sunan a kunnen dattawa kawai. Mu Kabo muke kiransa, har a makarantar allo. Kafaɗata kuwa, wurin nan har yau bai yi ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara.

Kabo ya yi wayo yanzu. Da damina shi da uwarsa suka zo mana kwana. Ina alwalar magariba ya zo ya tsaya a kaina, yana lasar tsamiyar da ban san wanda ya ba shi ba.

"Iya," ya ce, "mai gyaran da ke kan rufi ya ce in tambaye ki sunana na gaskiya."