Ƙosai Mai Warin Kananzir

A shekarun farko bayan Ghana ta samu 'yancin kai, akwai wata yarinya a unguwar Nima, cikin birnin Accra. Tana aji biyar a firamare. Ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya, bakinta ma haka. Uwarta kan ce da baki yana niƙa, da 'yarta ta niƙa wa Nima hatsi kyauta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ranar shida ga Maris 'yan makaranta za su yi macin bikin 'yancin kai. Malaminsu, wanda suke kira Ticha, ya ce ita ce za ta riƙe tutar ajinsu, don ta fi kowa iya buga ƙafa. Amma ya ja musu kunne: duk wanda ba shi da farin takalmin kambas ba zai shiga layi ba. Ita kuwa takalmin taya gare ta, shi ma igiya ɗaya ta tsinke.

Babanta ɗan dako ne a tashar mota ta Circle. Abin da yake samu na tuwo ne, ba na kambas ba. Sai yarinya ta roƙi iyayenta su bar ta ta nemi ɗan aiki, suka yarda.

Ta fara zuwa wajen Mma Mariatu, mai koko da ƙosai a bakin titi. Mma Mariatu mutuniyar Salaga ce, ga faɗa ga kyauta. Hausarta irin ta Zango ce, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a Ghana, mace da namiji duk "kai" take ce musu.

Ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta ce, "Kai, zo da asuba, ka kai ƙosai gida-gida kafin makaranta. Amma ka ji da kyau, taura biyu ba ta taunuwa. In aikina ne, aikina ne."

Yarinya ta ce ta ji.

Abin da take samu da safe ba shi da yawa, Maris kuma ba ya jiran kowa. Don haka ta tafi unguwar Maamobi, kantin Baba Imurana. Shi dattijo ne, mutumin Maraɗi, yana sayar da sabulu da ashana da kananzir. A lokacin yawancin gidajen Zango fitila suke kunnawa, saboda haka kananzir ba ya kwantai. Yana neman wanda zai riƙa ɗura masa a kwalabe bayan la'asar, ya kai wa masu saye.

Ya tambaye ta, "Ɗiyata, kina da wani aiki ne?"

Maganar taura ta faɗo mata a rai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Makaranta kawai, Baba."

Da uwarta ta ji yadda aka yi, ba ta ji daɗi ba. Ta ce mata aiki biyu ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Ta ce ta je ta gaya wa kowannensu gaskiya.

Yarinya ta ce, "Mma, in na faɗa za su kore ni. Bari in sayi kambas tukuna."

Uwar ta ce, "Ki faɗa da bakinki tun da wuri. In kin ƙi, wani abu zai faɗa miki."

Ta ce gobe. Da gobe ta zo, ta sake cewa gobe. Kowa ya san goben mai tsoro ba ta wayewa.

Aiki kuwa ya yi kyau. Da safe ta ratsa lunguna da farantin ƙosai, tana kiran masu gida da sunansu. Da yamma ta ɗauki akwatin kwalabe a ka, tana tafe tana buga ƙafa kamar an riga an fara macin. Asusunta ya fara nauyi. Har takan bi ta gaban shagon takalma, ta gai da kambas ɗin da ke rataye.

Tana da wani ɗan mayafi shuɗi da ba ta rabuwa da shi. Da yamma takan naɗe shi ta yi gammo, ta ɗora akwatin kwalabe. Da safe kuma ta warware shi ta rufe ƙosai, don kada ya huce. Ita a ganinta dabara ce ta yi.

Wata safiya wani direban motar haya ya gutsuri ƙosai, ya yamutsa fuska. Ya tako har wajen Mma Mariatu, ya ce, "Mma, yau ƙosai ne ko fitila? Ba ni ashana in gwada."

Mutane suka yi dariya, amma Mma Mariatu ba ta yi ba. Washegari gida biyu suka mayar da nasu. Kafin mako ya ƙare, magana ta zaga Nima cewa ƙosan Mariatu yana warin kananzir. Masu saye suka fara wucewa suna kawar da kai.

Mma Mariatu ta wanke kasko da toka. Ta zubar da man suya ta sayo sabo. Ta canza mai kawo mata itace. Duk a banza. A kasko ƙosai lafiya lau, amma da ya isa gidajen mutane sai wari. Yarinyar kuwa hancinta ya saba da kananzir, ba ta jin komai.

Daga ƙarshe Mma Mariatu ta ce ta gano mai laifi. Ta ce Abubakari mai injin niƙa ne, man injinsa ke zuba a cikin wakenta. Ranar Asabar da hantsi ta ci ɗamara, ta ce wa yarinyar ta biyo ta, ta zama shaida.

Wajen injin cike yake da mata, kowa da kwanonta. Mma Mariatu ba ta ko yi sallama ba. Ta ce Abubakari ya ɓata mata suna, ta ce kowa ta kwashe hatsinta tun da wuri. Abubakari ya kashe inji yana rantsuwa. Wasu matan har sun fara ɗaukar kwanoninsu.

Rana ta yi zafi, sai yarinya ta warware mayafinta za ta rufe kai. Da ta ɗaga shi, haske ya ratsa ta ciki. Nan ta ga tabon mai, babba, a daidai inda akwatin kwalabe ke zama. Ta kai shi hanci ta shaƙa da ƙarfi. Kananzir ne.

Ta dubi Abubakari, bawan Allah yana share gumi. In ta yi shiru, babu wanda zai sani. In ta yi magana, tana ganin aiki ya tafi, kambas ya tafi, tuta ma ta tafi. Tsoro ya kama ta sosai, amma kunya ta fi tsoron ƙarfi.

Ta ce, "Mma, ba shi ba ne. Ni ce."

Ta miƙa mayafin. Cikin kuka ta faɗi komai, da kantin Maamobi, da kwalabe, da gammo, da kambas ɗin da take tara wa kuɗi. Mma Mariatu ta shinshina mayafin, ta yi atishawa.

Sannan ta juya ta ba Abubakari haƙuri a gaban kowa. Ta ce wa yarinyar, "Ni da na ce taura biyu, nufina kar ka bar ƙosai a hanya ka tafi wasa. Da ka gaya mini, da na ba ka wani ƙyalle daban. Dubi abin da shirunka ya jawo."

A ranar nan yarinya ta fasa asusunta da hannunta. Ta sayi wake da mai ta kai wa Mma Mariatu, a madadin wanda aka yi asara. Ta bi gidajen masu saye ɗaya bayan ɗaya, tana gaya musu laifin nata ne. Wasu suka yi mata faɗa, wasu suka yi dariya har da riƙe ciki.

Saura Baba Imurana. Ta je kantin, ta durƙusa ta gaya masa komai, har maganar kambas. Ya saurara har ta gama. Ya ce ƙaryar ta ɓata masa rai, amma zuwan da ta yi da kanta ya wanke ta.

"Ashe tun asuba kike tashi? Da na sani, ai da ban riƙa aiken ki nesa ba. Ni ina ta cewa yarinyar nan gyangyaɗi gare ta."

Babu wanda ya kore ta. Baba Imurana ya ba ta tsumman buhu na gammo, da sabulu ta riƙa wanke hannu. Mma Mariatu ta ba ta farin ƙyalle na ƙosai kaɗai, da lemun tsami na goge yatsu. Ƙosai ya koma ƙosai, masu saye suka dawo. Direban nan ma ya dawo, ya ce ya fasa neman ashana.

Sai dai asusu ya riga ya fashe, ga Maris ya ƙarato. Yarinya ta je ta gaya wa Ticha ya ba wani tutar. Ticha ya ce zai jira har jajibere, ko Allah zai kawo mafita. Ita dai ta riga ta haƙura, ko da yake ta daina bi ta gaban shagon takalma.

Ana gobe maci, da yamma, sai ga Mma Mariatu ta shigo gidansu da ƙunshi a hammata. Ba ta gama zama ba aka yi sallama. Baba Imurana ne, shi ma da ƙunshi. Kowa ya buɗe nasa. Farin kambas a nan, farin kambas a can.

Dattawan biyu suka dubi juna. Mma Mariatu ta ce me ya sa bai gaya mata zai saya ba. Baba Imurana ya ce ita ma ai ba ta gaya masa ba.

Yarinya ta rufe baki da hannu, amma bakin nan ba ya rufuwa. A hankali ta ce, "Da kun gaya wa juna tun da wuri..."

Dariya ta ɓarke a tsakar gida, har babanta ya zauna a ƙasa. Na Mma Mariatu ne ya yi mata daidai. Na Baba Imurana ya yi mata yawa, sai ta roƙe shi ta kai wa ƙawarta Hamsatu, wadda ita ma ba ta da kambas. Ya ce ta kai da albarkarsa.

Washegari ta riƙe tuta a gaban ajinsu, tana buga ƙafa, Hamsatu na biye da ita. A bakin hanya Mma Mariatu na nuna ta tana cewa 'yar aikinta ce. Baba Imurana na gefenta yana cewa a'a, tasa ce. Wannan karon babu abin ɓoyewa, duka biyun gaskiya suka faɗa.

Yara, aiki biyu ba laifi ba ne in za ku iya, kuma iyayenku sun yarda. Amma duk wanda ya amince muku, ku gaya masa gaskiya tun farko. Abin da baki ya ɓoye, wata rana ko mayafi ne sai ya faɗa.