Jan Moto a Yashin Jiratawa

Kwanan moton uku a hannun Inusa ranar da ya fara ganin Tahira, kuma yana kwance a ƙasa ya gan ta.

Moto ne babba, ja, irin na tafiyar nesa, da gilashi a gaba da akwati biyu a gefe. Tun da ya fito da shi daga Sabon Gari 'yan kabu-kabun Maraɗi ke binsa da kallo. A kan gudro kuwa, wato kwalta, ba a magana. Yana murza hannu kaɗan sai itatuwa su riƙa gudu baya, kujerar ta riƙe shi kamar katifa. Aibinsa ɗaya: moton dogo ne, Inusa gajere. In ya tsaya, da kan yatsu yake taɓa ƙasa.

Ranar ya nufi Jiratawa don ya gwada shi. Ya sauka daga gudro ya shiga gari, fuskarsa rufe cikin kaske, hular kwanon masu moto, ya wuce wasu dattawa a gindin bedi, ya bar musu ƙura ba sallama. Bai yi nisa ba yashi ya kama tayar gaba. Moto ya kwanta, shi ma ya kwanta.

"Sannu, malam. Hutawa kake ko faɗuwa ka yi?"

Budurwa ce da kwandon zogale a ka, ta fito daga garka, tana danne dariya da bakin mayafi.

"Duba ƙasan injin nake," in ji Inusa.

"To in ka gama dubawa, juya mishi baya ka ɗaga da ƙafafu. Haka muke wa injin ban ruwa."

Ta sauke kwandon ta kama gefe guda, suka tashe shi. Inusa ya cire kaske, ya kalle ta, ya manta da gwiwarsa da ta kuje. Kafin su rabu ya san sunanta Tahira, ya samu lambarta, ita kuma ta raɗa masa suna Dogo.

Bayan la'asar ya rubuta mata: "Tahira, moton ya ce in gode miki. Ya ce tunda aka ƙera shi ba a taɓa ɗaga shi da tausayi haka ba."

Ta amsa: "Ka ce mishi ba komai. Ka ce mishi kuma ya riƙa tausaya wa Dogona, ƙafarshi ba ta kai ƙasa."

Inusa ya karanta "Dogona" ya fi sau goma.

Wata biyu suna haka, sai Maman Lawali ya shigo. Mai sayar da taki ne a Jiratawa, ya daɗe yana son Tahira. Wata Juma'a ya tura mata hoto: Inusa a hanyar Tibiri, wata mace a bayansa ta ƙanƙame shi, ta kifa fuska a gadon bayansa.

Saƙon Tahira gajere ne: "Ashe kujerar baya tana da mai ita. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ta daina ɗaga wayarsa. Kwana biyu Inusa bai ko goge moton ba. A na uku sai ga wata tsohuwa ta sauka daga motar haya, ta yi sallama gidan su Tahira.

"Ke ce Tahira? Ni ce Ladi, gwaggon Inusa. Ni ce ta hoton, ɗiyata. Cewa ya yi zai kai ni Tibiri biki. Tun daga unguwar Zariya nake salati, ido rufe, ɗankwalina har yau ban san inda ya faɗi ba. In wannan riƙon kike kishi, na bar miki, duniya da lahira."

Tahira ta yi dariya har da hawaye. Da yamma ta rubuta: "Dogona, na yi kuskure. Ka saya wa Gwaggo ɗankwali."

Sai dai babbar matsalar tana gaba. Da iyayen Inusa suka aika neman izini, mahaifinta Malam Jibo ya tambaya, "Mai jan moton nan ne?" Aka ce shi ne. Ashe yana cikin dattawan gindin bedi.

"Yaron da ya rufe fuska ya wuce mu kamar kututture? Har shayina sai da na zubar saboda ƙura. Maman Lawali tun daga nesa yake cire takalmi. Ba zan ba mai moton nan ɗiyata ba."

Inusa ya ce zai sayar da moton. Tahira ta rubuta masa: "Baba bai ƙi moto ba, masoyina. Gaisuwarshi ka ci. Ka zo ka biya shi."

Ranar Asabar bayan la'asar, Inusa ya kashe inji tun daga bakin gudro, ya rataye kaske, ya fara turawa. Moton da ke tashi kamar tsuntsu a kan kwalta ya zama ingarman sa mai taurin kai a cikin yashi. Taku biyar, ya huta. Taku biyar, ya share zufa. Dattawa suka bar hira suka zuba ido. Tahira tana leƙe ta katanga, hannu a ƙirji.

Da ya iso gindin bedi, ya sa ƙafa ya buɗe jakin moton, ƙarfen da ake kafe shi da shi, sai jakin ya nutse cikin yashi. Ya sake gwadawa, ya sake nutsewa. In ya saki, moto zai faɗi. In bai saki ba, a tsaye zai gaida surukinsa. Maman Lawali yana gefe a kan buhun taki, yana murmushi.

Inusa ya saki.

Ya cire takalmi ya durƙusa. A bayansa aka ji rim, sannan ƙarar madubi ya fashe. Bai waiwaya ba.

"Yaro," in ji Malam Jibo, "motonka ya faɗi."

"Na ji shi, Baba. Ina wuni? Na zo biyan gaisuwar da na wuce da ita."

Malam Jibo ya dube shi. Sannan ya gyara hula ya ce, "Lafiya lau. Ku tashi mu ɗaga mishi abin nan, kada a ce surukina ya kwana a yashi."

Dattawa huɗu suka kama. Tahira ta manta a ɓoye take, ta ɗaga murya daga bayan katanga: "Baba, da ƙafafu ake ɗagawa!"

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Gwaggo Ladi ta zo a motar haya da sabon ɗankwali, ta rantse ko amarya ba za a ɗora a kan abin nan ba sai an ba ta kaske. Malam Jibo ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai gaida mutane, jama'a suka shafa da amin.

Da Inusa ya zo gaisuwar surukai bayan sati, ya kashe inji daga nesa kamar yadda ya saba. A gindin bedi ya tarar da wani faffaɗan katako an shimfiɗe a kan yashi, daidai inda moton ya faɗi.

"Kafa jakinka nan," in ji Malam Jibo. "Madubi ɗaya ya isa sadaka."