Murhun da Babu Toka

Ranar da Sufyan ya fara ganin Madina, tana ƙofar gida mai lamba sha bakwai tana daka, alhali ko ƙwayar gero babu a turmin.

Daga Birnin Kebbi aka turo shi ya duba gidajen da gwamnati ta ba da kwangilar gina wa mutanen Kende da ambaliya ta kora. A takarda an gama, har an tare. Ya gaji da irin wannan takarda, su ma sun gaji da shekara biyu a bukkar leda.

Ya yi sallama ya shiga. Ga labule, ga tabarma, ga tukunya a kan murhu. Ya shafa duwatsun murhun, hannunsa ya fito fes.

"'Yan mata, ba a tuwo a gidan nan ne?"

Ta sunkuyar da kai, dariya na neman ƙwace mata. "Da sahe anka kawo mu cikin mota. In ka tahi mu koma. Ɗakunan baya ko ruhi babu."

Ya karɓi lambarta, wai don aiki. Aikin kuwa kullum sai ya cinye masa kati.

Albashir, yaron ɗan kwangilar, shi ma Madina yake so. Shi ya tsorata mahaifinta, Malam Lauwali, cewa muddin rahoton Sufyan ya fita za a tsayar da aiki, kowa ya rasa.

Madina ta turo wa Sufyan saƙo: "Mai Dubawa, Baba ya ce in ka kai rahoton ga, kak ka ƙara taka ƙoharmu. Wallahi na gaji."

Ya amsa mata: "Dinata, in na sa hannu an gama, rufe fayil za a yi, babu mai dawowa ya yi rufi. Gara Baba ya ƙi ni yana cikin ɗaki da ya so ni yana cikin ruwa."

Ya kai rahoton. Aka tsayar da aiki, damina ta sauka a kansu, Madina ta daina ɗaga waya. Wata takwas Sufyan ya yi yana yawon ofis da fayil don a ƙarasa ginin, har masu gadi suka san takalminsa. Ya rame, ya kuma yi kewarta ƙwarai.

Sai bayan girbi wani ɗan kwangilar ya iso da kwanon rufi.

Malam Lauwali da kansa ya kira shi. "Yaro, turo manyanka. Na yi fushi, amma cikin ɗaki nike yi ma magana."

A gida mai lamba sha bakwai aka yi girkin biki. Ango ya shigo gaida surukai, ya tarar bangon madafa ya yi baƙi ƙirin.

Amarya ta raɗa masa daga cikin mayafi, "Shafa ka gani."

Ya shafa. Hannunsa ya fito duk toka, ya kuwa goga a farar rigarsa. Allah Ya bar su tare, Ya sa hayaƙin gidan nan kada ya yanke.