Jikar Sajo Sanda-kaɗai

A zamanin Turawa, akwai wata yarinya 'yar Fulani a aji uku na elementaren Rabah. Rugarsu tana bayan gari, kusa da gulbi. Duk gidansu ita kaɗai ta iya riƙe fensir. Abin kuwa ya ɗan hau mata kai.

Ran nan malaminsu, Malam Shittu mutumin Wurno, ya shigo aji da wani babban littafi mai baƙin bango.

Ya ce, "Kowa ya tahi gida ya tambayo asalinshi. Ku rubuto sunayen kakanninku ɗaya bayan ɗaya, ku kawo gobe. Za ni kwahe su cikin littahin ga da tawada, a aje su nan makaranta."

Yarinyar ta yi murna. Tun tana ƙarama take jin ana cewa su jikokin Ukuba ne, Balaraben nan da aka ce ya zo daga gabas tun zamanin da. Wa ke da kaka irin nata?

Amma da aka fita hutun ƙarfe tara, sai wani ɗan ajinsu, Ƙasimu, ya tare ta.

"Ke mi za ki rubuta? Jikar Sajo Sanda-kaɗai!"

Yara suka kwashe da dariya. Sajo shi ne kakanta, mahaifin babanta. An ce ya taɓa rasa shanunsa duka, ba abin da ya rage masa sai sandar kiwo. Ya daɗe da rasuwa, amma sunan bai bar bakin mutane ba. Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da la'asar ta sami Goggo Sabuwa a inuwa. Goggo yayar babanta ce, tsohuwa tukuf, kuma ita ce mai riƙe da sunayen kakanni. Ba ta san karatu ba. Tana da wata 'yar jakar fata mai ƙwayoyin tsamiya goma sha biyu. Kowace ƙwaya mutum guda ce.

Da yarinyar ta tambaye ta asalinsu, sai Goggo ta zube ƙwayoyin a faifai. Tana kiran suna tana ture ƙwaya gefe.

"Atiku, ubanki. Ɗan Sajo. Ɗan Bube. Ɗan Lawwali..."

Haka ta yi ta ja har ta kai kan Ukuba. Yarinyar tana rubutawa. Amma da aka kira Sajo, sai ta ɗaga fensirinta. Ta rubuta Atiku ɗan Bube, ta wuce abinta. A ranta ta ce, ai Goggo ba ta iya karatu ba, wa zai sani?

Kashegari ta miƙa wa Malam takarda. Ta bar kwafi a littafinta.

Bayan kwana biyu, Goggo ta gama burkar nono, ta kira ta.

"Zo nan, ɗiyata. Ki sa takardar nan taki ta yi magana in ji."

Yarinyar ta buɗe littafi tana karantawa da ƙarfi. Ba ta lura Goggo ta zube ƙwayoyinta a faifai ba. Tana kiran suna, Goggo tana ture ƙwaya. Ta kai kan Ukuba, ta rufe littafi tana murmushi.

Ƙwaya ɗaya ta rage a tsakiyar faifai.

"Sake," in ji Goggo.

Ta sake. Ƙwaya ɗaya ta kuma ragewa.

Goggo ta ɗauki ƙwayar ta ɗora a tafin hannunta. Ta daɗe tana kallonta.

"Wanga ubana na. Mi yay yi miki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Goggo, dariya suka yi min. Sun ce ba shi da ko nagge guda."

Goggo ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da ya fi sauƙi.

Ta ce, "Gaskiya sunka faɗi. Ina ƙarama cutar shanu ta shigo ƙasar ga. Cikin kwana tara garkenmu yaƙ ƙare. Maza da yawa sun zauce, sun shiga daji suna kiran shanun da babu. Shi ko ya ɗauke ni bisa wuya, ya riƙe sandarshi, munka taka har Boyekai, ƙasar Goronyo. Can yay yi shekaru yana kiwon shanun wasu. In an ba shi hura, ni yaka ba, ya ce ya ƙoshi."

Goggo ta ci gaba.

"Daga baya wani bawan Allah, Mode, ya ba shi haɓɓanaye. Kin san ta?"

"Karsanar aro ce. In ta haihu sau uku a mai da uwar, a riƙe 'ya'yan."

"To, daga 'yan maruƙan nan uku duk garken ga yah hito. Jar saniyar da kinka sha nononta da sahe, jininsu ta. Ukuba ban gane shi da idona ba, labari nij ji. Amma na ga ƙahwar Sajo tana jini bisa hanyar Goronyo."

Ta girgiza 'yar jakar fatar.

"Kakata ta ce min, da can ƙwayoyin ga sun cika ƙoƙo. Yanzu ga su, sha biyu. Duk wadda taɓ ɓace, wani yam mance da ita, ko yaj ji kunyarta. Ni na tsuhwa. In na tahi, takardarki za a tambaya."

Sai hawaye suka zubo wa yarinyar. Kunyar da ta ji yanzu ta fi ta ranar da aka yi mata dariya nesa ba kusa ba.

Da safe ta riga kowa isa makaranta. Ta tarar Malam Shittu ya riga ya kwafe nata. Tawada har ta bushe.

"Malam, na yi ƙarya," in ji ta. "Na cire kakana."

Ta faɗa masa komai. Malam ya ce, "Tawada ba ta gogewa. Amma akwai ɗan wuri tsakanin Atiku da Bube. Ke kinka hid da shi, ke za ki mai da shi."

Ya miƙa mata alƙalaminsa. Ta rubuta Sajo da ƙananan baƙaƙe a saman layi. Sunan ya ɗan karkace. Duk wanda ya buɗe shafin zai gane cusa shi aka yi daga baya.

Da aka shiga aji, Malam ya sa ta karanta nata. Ta miƙe tsaye.

"Atiku, ɗan Sajo Sanda-kaɗai," ta ce da ƙarfi. Sannan ta ba su labarin tafiyar Boyekai da maruƙa uku. Ba wanda ya yi dariya. Ƙasimu ma ƙasa ya yi ta kallo.

Malam Shittu ya ce, "Ku ji da kyau. Babu laihi mutum ya yi murna da babban kakanshi na nesa. Amma kada ku ji kunyar wanda yash sha wuya don ku rayu. Asalinku ku faɗe shi yadda yake, ba ragi ba ƙari."

Da ta koma gida ta sake karanta wa Goggo. Wannan karon faifai ya tashi babu ko ƙwaya ɗaya.

Goggo ta tattara su a jaka, ta ɗaure bakinta, ta sa a hannun yarinyar.

"Riƙe. Sha biyu na ba ki. Kada wadda za ki ba ta iske sha ɗaya."